Okid ɗinki ba ƙishirwa yake ji ba, iska yake nema

Ƙanwata, kin ce furen okid ɗin da aka ba ki a biki ya zube, kika mayar da shi cikin baƙar ƙasa, kina ba shi ruwa kullum safe, amma ganyen sai ƙara yamushewa yake. To ki fid da shi daga ƙasar nan yau, kada ki bari sai gobe.

Wannan mai faffaɗan ganye da ake kira Falanofsis, asalinsa dazuzzukan Indunusiya da Filifin ne, kuma can ba a ƙasa yake tsirowa ba. Jikin itace yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje; ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar. In aka binne su sai su ruɓe, ganye ya rasa mai kai masa ruwa, ke kuma ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara tuttulawa. Haka na kashe nawa na farko a nan unguwar Aboabo ta Kumasi. Ranar da na zazzage tukunyar, saiwoyin sun yi laushi kamar taliyar da ta dahu ta zarce, ga wari.

Ki wanke saiwoyin, ki sa almakashi mai tsabta ki yanke duk wadda ta yi baƙi ko ta lallaɓe. Masu tauri ki bar su, ko biyu ne. Sai ki nemi ɓawon kwakwa, wanda masu sayar da kwakwa a bakin titi zubar da shi suke yi. Ki daddatsa shi, ki jiƙa kwana 3 kina sake ruwan don gishirin ya fita, ki gauraya da gutsattsarin gawayi. Tukunyar roba mai huji da yawa, wadda ake ganin cikinta, ta fi.

Saiwar ce za ta gaya miki lokacin ban ruwa. In ta yi fari-fari kamar toka, ki zuba ruwa ya tsiyaye. In koriya ce shar, ki ƙyale ta. Ni da damina nakan yi kwana 10 ban taɓa shi ba, da hunturu kuwa sau ɗaya ko biyu a mako. Ruwan sama ya fi na famfo. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, nan ruɓa ke farawa; in ya shiga, ki tsane da ƙyalle.

Ki ajiye shi bayan labule a tagar gabas. Ranar Kumasi ta azahar ƙona ganyen take.

Zubewar fure kuwa ba ciwo ba ne, yakan yi wata 2 zuwa 3 ne ya faɗi. Sabon karan fure sai ya ji sanyin dare yake fitowa, shi ya sa nake kai nawa baranda a Disamba. Naki dai kada ki sa ran fure bana. Ki zuba ido kan sabuwar saiwa mai koren baki tukuna.