Amsar tambayar Hajiya kan zaman Baba bayan aikin kwatangwalo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki, kin ce an sa wa Baba kwatangwalon ƙarfe a ƙafar dama, za a sallame shi jibi, kina tambayar me zai kiyaye da kayan da za ku tanada.

To, kafin ku bar asibiti ki tambayi likita ta ina ya tsaga wajen aikin, ta bayan kwatangwalon ko ta gaba, don dokar ta bambanta. Idan ta baya ne, abu uku ne na mako 6 zuwa 12, gwargwadon yadda likita ya ce. Kada gwiwarsa ta ɗara kwatangwalo tsawo in yana zaune, wato kada ya lanƙwasa fiye da digiri 90. Kada ya harɗe ƙafa. Kada ya murɗa ƙafar zuwa ciki. Dalili kuwa, naman da ke riƙe ƙwallon kwatangwalon a cikin kwanonsa an yanka an ɗinke, bai kama ba tukuna, lanƙwasa ɗaya na iya sa ya goce. Idan ta gaba ne, miƙa ƙafa baya sosai da juya ta waje ake gudu.

Inda aka fi samun matsala a gidajenmu, banɗaki ne. Masai na tsuguno, a'a. Ku sayi kujerar nan mai rami da hannuwa, a ɗaga ƙafafunta har mazaunin ya ɗan wuce gwiwarsa. Tabarma, kujera 'yar tsuguno, da kushin mai lotsawa duk ya haƙura. Salla a kan kujera mai tsawo, ya yi ishara, kada ya sunkuya da yawa. Wajen alwala ma wani ya wanke masa ƙafa. Dattawa kan yi gardama a nan, ki lallaɓa shi.

In zai kwanta, rigingine, da filo tsakanin gwiwoyi.

Tafiya kuma, firam, wato ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, zai fara da shi: firam gaba, ƙafar aikin, sannan mai lafiya. In ya koma sanda, a hannun hagu zai riƙe, ba ɓangaren aikin ba, mutane da yawa na kuskuren nan. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu in ya saki hannu a tsaye. Matakala, hawa da mai lafiya, sauka da ta aikin. Mota, kujerar gaba a tura baya, ya fara zama kafin ya shigar da ƙafafu. Acaɓa kam babu maganarsa.

In ya ji zafi farat ɗaya, ƙafar ta gajarce ko ta karkace, kada a kira mai ɗori, kada a ja ta, asibiti kai tsaye. Haka in sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi ko numfashi ya yi wuya, don yana iya zama gudan jini. Allah ya ƙara masa sauƙi.