Mangwaro ko turare: wanne ya dace da ƙaramin tsakar gida?

Tambaya: Malam, na gama ɗan ginina a Marwa, arewacin Kamaru, faɗin tsakar gidan bai wuce mita 7 ba. Uwargida ta dage sai mangwaro, ni kuma bishiyar turare (eucalyptus) nake so don yana saurin tashi. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Turaren nan dai cire shi daga lissafi. Tsayi yake yi ba faɗi ba, inuwarsa ba ta isa a shimfiɗa tabarma da azahar, ga shan ruwa, ga gara na cinye shi tun yana ƙarami.

Uwargida ta fi ka gaskiya, sai dai filin ne bai kai ba. Mangwaro idan ya riƙa yana son aƙalla mita 8 tsakaninsa da bango. Kuma Marwa ba Ngaundere ba ce: ruwan samanku wajen milimita 800 ne a shekara, nasu ya kusa ninki biyu. Rani biyu ko uku na farko kullum kuna bisa jarka, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura 40. Idan kuma ƙasar unguwarku baƙar laka ce mai tsagewa, irin wadda Fulani ke kira karal, saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwan damina.

Da ni ne, darbejiya zan dasa a ƙofar gida daga waje. Dubi titunan Marwa, ita ce ta rufa wa garin asiri, ba ta neman ban ruwa da zarar ta kama. Nisanta ta da katanga da ramin masai, don saiwarta na ɗaga daɓen siminti. Shara kuwa, sai haƙuri.

A ciki sai lemun tsami ko gwaiba, da zogale biyu kusa da madafa. In Hajiya ta ƙi sauka, nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa wa reshen wani mangwaron a jikin karansa: ba ya girma kamar na ƙwallo, yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma yana jure sassabe. Wurin mai sayarwa ka duba tabon auren a jikin karan, ka ɗaga ledar. In saiwa ta huda ta fito, ajiye ka ɗauki wani.

Bari sai Yuli, damina ta kankama, sannan ka dasa. Ka kewaye shi da ƙaya ko tubali tun ranar farko, saboda awakin maƙwabta.