Wayar yaro, layin uba: amsa ga wani ɗan kasuwa a Kumasi

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa, mazaunin unguwar Aboabo a Kumasi, ya rubuto cewa ya saya wa ɗansa ɗan shekara 12 waya domin ya riƙa gaida kakarsa da ke Maraɗi, amma yanzu yaron a kan TikTok yake kwana, kuma mutanen da bai sani ba suna turo masa saƙo. Yana tambaya ko ya ƙwace wayar.

Malam, ban ba ka shawarar ƙwacewa ba, domin zai ari ta abokinsa, a can kuwa ba ka da ido. Abin da ya fi damuna shi ne layin. Tun 2021 aka haɗa rajistar layi a Ghana da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, baƙo kuma da nasa katin na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, saboda haka layin da ke hannun yaron sunanka yake ɗauke da shi. Idan 'yan sakawa, wato 'yan damfarar intanet, suka yaudare shi da ɗan abin kashewa, suka bi da kuɗin damfara ta MoMo ɗin wannan layi, wato asusun kuɗi na waya, kai za a fara nema, kuma mutumin da ke sabunta takardar zama ba ya bukatar sunansa ya shiga littafin 'yan sanda. Ka zaunar da shi ka faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro, domin yaron da aka nuna wa cewa amana aka ba shi ya fi kiyayewa a kan wanda aka yi wa tsawa kawai. Lambar sirrin MoMo kada ya ba kowa, ko da mai kiran ya rantse kuskure ya yi wajen turo kuɗi.

TikTok da Facebook su kansu ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba, don haka a sauke su, ka saka Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido da ita kan wayar yara, domin ka ga abin da yake saukewa. Da dare wayar ta kwana a ɗakinka, kiran kaka kuwa a yi shi a tsakar gida, kowa ya gaishe ta.

Idan wani ya nemi hotonsa na tsiraici ko ya yi masa barazana, kada ka doke shi, domin tsoron duka ne ke sa yara ɓoye irin wannan har ta ɓaci. Ka adana saƙonnin, ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 ta ɗora wa kare yara, ɗan ƙasa ne ko ɗan baƙo.