Filin Tambaya da Amsa: Tayar baya ta cinye, wacce zan saka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan acaɓa ne a nan Agege, Bajaj Boxer nake ja, kuma wlh maganar taya ta ishe ni. Wata biyu da suka wuce na saka tayar baya sabuwa, yanzu har ta yi sanƙo, zanen tsakiya duk ya shafe, satin nan kawai sau uku ina yin faci. Na je shago an ce akwai ta dubu 14 irin wadda na saka, akwai ta Indiya dubu 22, wani kuma yace zai ban tokumbo a dubu 7. Tiyub dubu 4, mai faci kuma zai karɓi dubu ɗaya da ɗari biyar kuɗin sakawa. Abokina da muke layi ɗaya yace tashi ta dubu 22 ɗin ta kai shi wata biyar. Dan Allah Malam wacce zan ɗauka, kuma me yasa taya ta yi tsada haka? Ga kuɗin tikiti kullum ga iyali a gida arewa suna jira. Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Tun daga tambayarka na ga ka riga ka kawo amsar da kanka, lissafin ne kawai baka zauna ka buga ba, toh bari mu buga shi tare da kuɗaɗen da kai ka faɗa. Ta dubu 14 in ka haɗa da tiyub da kuɗin mai faci ta tashi dubu 19 da ɗari biyar, ta yi maka wata biyu, kaga kenan duk wata kana biyan naira 9,750 a tayar baya kaɗai. Ta dubu 22 kuma in ka haɗa komai dubu 27 da ɗari biyar ce, in ta yi wata biyar kamar ta abokinka, duk wata 5,500 ta ci maka. A wata goma mai arhar zaka saka guda biyar, kuɗinsu 97,500, ɗayar kuma guda biyu ne kacal, 55,000. Bambancin dubu 42 da ɗari biyar ne, kuma ban saka kuɗin facin da kake yi sau uku a sati ba, ban saka awannin da kake zaune a bencin mai faci fasinja na wucewa kana kallo ba, ko ranar da zata sace maka iska da daddare a cikin lungu ka tura mashin har gida. Ni a wajena ta dubu 22 ɗin ita ce mai arha, in kuɗin basu cika ba gara ka daure kwana biyu uku kana tarawa kana tafiya a hankali, da ka sake zuba dubu 14 a abinda ka riga ka gwada ka ga ƙarshensa.

Maganar tsada kuma, gaskiya ba mai shagon bane kaɗai. Yawancin tayar mashin da muke sakawa daga waje ake shigo da ita, Indiya da China da su Taiwan, da dala ake sayo ta. Da can muna da kamfanonin taya a ƙasar nan, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop da ke nan Ikeja shima ya daina yi a 2008. Sai kuma aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga tallafin mai da aka cire a ƙarshen Mayun 2023 wanda ya ɗaga kuɗin dakon kaya daga tashar Apapa zuwa kowane shago. Duk wannan a kan tayarka yake sauka.

Amma fa tsada kaɗai bata nuna taya mai kyau ce, akwai jabu da ake buga wa sunan manyan kamfanoni, akwai kuma ta gaske wadda ta daɗe a sito har robar ta bushe. Don haka in ka je shago kar ka tsaya a bakin ƙofa a miƙo maka, ka karɓe ta a hannunka ka juya gefenta. Farko ka duba lambar girma, Boxer 100 tayar gaba 2.75-17 ce, ta baya 3.00-17, lambar farko faɗin taya ne a inci, 17 ɗin kuma girman rim. Masu tsofaffin mashina irin su Honda CG125 nasu rim ɗin 18 ne, bazata shiga naka ba komai dabarar mai faci. Sai ka nemi wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai a gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 1224 ana nufin sati na 12 a shekarar 2024 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta daɗe tana faɗa cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta, ko an hau ta ko ba a hau ba, toh kai ka nemi wadda bata wuce shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba. In ka ga an goge wajen ko an kankare shi, ajiye musu kayansu. Akwai kuma rubutun 6PR ko 8PR, shi ke nuna ƙarfin jikin tayar wajen ɗaukar nauyi, mai ɗaukar fasinja da buhun kaya daga kasuwa kullum ya fi dacewa da mai lamba babba a baya. Ka danna farcenka a kan zanen, roba mai rai tana ɗan nutsewa ta dawo, wadda ta bushe zaka ji ta kamar katako, ka kuma lanƙwasa gefen ka ga ko ƙananan tsagu zasu buɗe.

Tokumbon nan ta dubu 7 kam ban yarda ka saka ba, ko kaɗan. Tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastam suka haramta shigowa da su ma, kuma mafi yawan wadda ake ce wa tokumbo a tayar mashin ta wani ce a nan cikin gari aka wanke aka shafa mata baƙin mai tana ƙyalli. Na taɓa tsayawa a wata rumfa na ga yaro da ƙarfe mai zafi yana sake yanka zane a kan tayar da ta suɗe, in ka kalle ta daga nesa sai kace sabuwa, alhali naman da ya rage tsakanin kwalta da tiyub ya ƙara sirancewa. Mota in taya ɗaya ta fashe da sauran uku, kai biyu gareka, ga ruwan Legas in ya sauko a Yuni da Yuli titi ya zama santsi ramuka sun ɓuya a ƙarƙashin ruwa, ga fasinja a bayanka wanda shima amana ne.

Wajen sakawa nan ne mutane da yawa ke asarar taya mai kyau, shi yasa nake son ka tsaya a kan mai facin, kar ka bar mashin ka tafi shan shayi. Sabuwar taya da sabon tiyub ake saka ta, wancan naka da ya sha faci ya riga ya miƙe, in aka cusa shi zai naɗe a ciki ya fashe. Kafin a mayar a duba robar nan da ke kewaye cikin rim tana rufe kan sifok, wato siraran ƙarafan nan na wili, in ta yage kan sifok ɗin ne zai riƙa huda tiyub daga ciki, ina ma zargin facin nan naka uku a sati ɗaya ba duka ƙusa bace. A goge tsatsar rim. In akwai kibiya a gefen tayar a tabbatar ta kalli inda taya ke juyawa. A ɗan hura wa tiyub iska kaɗan kafin a saka don kar ƙarfen cire taya ya cije shi, bawul ya tsaya a miƙe ba a karkace ba. In an mayar da wili a daidaita sarƙa gefe da gefe daidai, don wilin da ya karkace shi ke cinye taya ta ɓangare ɗaya, a kuma taka birki a gani tunda an kwance shi. Iska kuma da geji ake aunawa, ba da bugun taya da sifana a saurari ƙara ba, irin mashin ɗinka a ma'aunin PSI da ke jikin geji gaba 25 ne, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja. Yawancin masu faci suna zuba iska fiye da haka sosai, kuma sanƙon tsakiya da ka ce tayarka ta yi alhali gefe da sauran zane, alamar iska ta yi yawa kenan. Ƙaramin geji ka saya ka ajiye a aljihu ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta ɗau zafi.

In kuna son sauƙin farashi ku haɗu ku biyar ko shida a layinku, mutum ɗaya ya je kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair ta hanyar Badagry ya sayo a farashin sari, a karɓi rasit mai sunan shago. Amma ya hau danfo, kar ya je da mashin, babban titin Legas zuwa Badagry yana cikin waɗanda aka hana acaɓa hawa. Haka kasuwar kayan gyara ta Ladipo tana cikin Mushin, kuma tun 1 ga Satumban 2022 aka saka Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe a cikin haramcin, bayan su Ikeja da Surulere da Apapa da aka fara da su a watan Yuni na shekarar. Kar garin neman ragin dubu biyu a kama mashin ɗin gaba ɗaya.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da mashina biyu da na ba yara suna min balas a Ikorodu, kullum rigimarmu a kan wa zai sayi taya, ni ko su? Daga wata baiwar Allah, Mile 12.

Amsa: Hajiya barka kadai. In balas suke kawo miki kullum kuma mashin naki ne har gobe, adalci shine taya da manyan gyara naki ne, faci da iska da man inji nasu. In kuma irin yarjejeniyar nan ce da yaro zai biya ya mallaki mashin a ƙarshe, toh taya tashi ce. Shawarata ki riƙa ware wani abu daga balas ɗin kowace rana da sunan taya, ki saya da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi, ki rubuta ranar da aka saka a littafi, don in kika miƙa kuɗi a hannu wani yaron mai arha zai saka ya riƙe canji. Ku zauna gaban shaidu biyu a faɗi wannan tun yanzu.

Tambaya: Oga wai gaskiya ne tubles, wato taya mara tiyub, ta fi? Zan iya sakawa a mashin ɗina mai sifok? Daga Alaba Rago.

Amsa: Ta fi ta wajen faci ƙanina, ƙusa in ta shige ta iska a hankali take fita, sau da yawa zaka kai wajen mai faci a kan mashin ɗinka kuma ba sai an kwance wili ba ake toshewa. Amma rim mai sifok baya riƙe iska, ta ramukan sifok ɗin zata zube, sai dai ka saka mata tiyub a ciki wanda kuma amfanin ya tafi kenan, ko ka canza zuwa rim na alloy da aka yi don tubles, shi kuma kuɗi ne na daban, sannan in ya daki rami da ƙarfi tsagewa yake yi, mai sifok kuwa ana iya buga shi a miƙe. In hanyoyin da kake bi irin na cikin Ojo ne masu ramuka, zauna a kan sifok ɗinka ka sayi tiyub mai kauri.