Kunne Ma Kayan Aiki Ne A Sito

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa nake hana ka toshe kunne da abin sauraren waya idan ana sauke kaya, alhali naka aikin riƙe takarda da biro ne, ƙirga kuma da ido ake yi. Zauna ka ji. Ido abin da ke gabansa kaɗai yake gani, kai kuwa a bakin sito abubuwa da yawa a bayanka suke faruwa.

Tirelar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ta iso mana nan Kakuri a Kaduna, direbanta a gajiye yake, kuma idan yana ja da baya ba ya ganin abin da ke gindin motar. Ba kowace ce ke da ƙararrawar ja da baya ba. Abin da ya dogara da shi muryar yaron mota ce: "Zo, zo, zo, tsaya!" ko bugun bodi da tafin hannu. Sai ka ji birkin iska ya yi tsaki, sannan ka matso. Wanda bai ji waɗannan ba, tsakanin mota da bango zai tsinci kansa, kuma ba na fatan in kai wa mahaifinka irin wannan labari.

To, ga inda ainihin sana'ar take. Buhu yana magana idan ya faɗi. Masarar da ake kawo mana daga Saminaka ko Giwa, in ta bushe sosai, da an dire buhun za ka ji ƙwayoyin sun zube a ciki, shaa, kowace na zamewa a kan 'yar'uwarta. Mai danshi kuwa dif take yi, shiru ya biyo baya. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, manomi na bukatar kuɗi, wani ba ya jiran ta gama shan rana. Masu injin abincin kaji suna son danshin kada ya wuce kamar kashi 13 cikin 100, kuma suna da na'urar gwaji. Mu kafin na'ura muna da kunne da haƙori: ka ciji ƙwaya, busasshiya ƙas take fashewa, ɗanya lotsewa take yi. Buhu ɗaya mai danshi in ya shige tsakiyar jeri, zai yi zafi, ya yi fumfuna, ya ɓata na kusa da shi, ba za ka sani ba sai wari ya tashi. Haka idan an tashi aiki, wuri ya yi tsit, kara kunnenka a jikin buhun wake ko masara. In ƙwari sun yi yawa a ciki, za ka ji motsinsu.

Siminti kilo 50 ne buhu, tirela kan ɗauko 600. Wanda ruwa ya taɓa ta yagaggen tamfol ya daskare, faɗuwarsa ta dutse ce, ba ta gari ba. Kwalin tayil ko na kwalabe, girgiza shi kaɗan. In ya yi kacau-kacau, a ware shi gefe. Duron mai kuma ƙwanƙwasa shi daga sama zuwa ƙasa, inda amon ya mutu nan man ya tsaya.

Sai 'yan dako, waɗanda ni a ganina su ne ƙashin bayan wannan wuri, ko da yake ba a cika faɗa ba. Mutumin da ke ɗauke da kilo 100 a ka ba zai iya kauce maka ba. In ya ce "Hanya!" kai ne za ka kauce, nan take. Kuma tafiyarsu tana da tsari: taku, direwa, taku, direwa, mai ƙirga yana ɗaga murya da lamba. Da zarar tsarin ya karye, ɗaga kai ka duba. Wataƙila wani ya yi tuntuɓe, wataƙila jeri ya fara karkata, wataƙila kuma an ƙirga buhu bai shigo ba.

Tun da Shugaba Buhari ya buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kakuri a Janairun 2018, yaron sito a Kaduna ba shi da uzurin rashin sanin kwantena. In an yanke sil, wato hatimin da ake kulle ƙofar kwantena da shi, kada ka tsaya gaban ƙofa. Ta dama ake fara buɗewa, a hankali. In ƙarfen ya yi tauri, ko ka ji ƙofar tana ƙara tana turowa da kanta, kaya ne suka jingina da ita a hanya. Ku ɗaure ta da igiya, ku sassauta kaɗan-kaɗan.

Amma fa gani ya kori ji. Kunne zai ce maka ka dakata ne kawai; sai ka buɗe, ka duba, ka ɗora a sikeli, ka kira direba ya gani da idonsa, ka rubuta a takardar kaya tun bai tayar da mota ba. Da ka sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, duk abin da ya fito daga baya a wuyanmu yake. Gobe da safe motar taki za ta shigo. Ka tsaya kusa da inda ake direwa, duk buhun da faɗuwarsa ta bambanta ka sa masa alli, ni zan zo mu buɗe tare.