Fatawa: Zanen da ba a kammala ba, a ƙarasa ko a ƙone?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai zane ne a garin Bauchi, da fenti da burushi nake ciyar da iyalina. Nakan fara shata siffa da gawayi a kan ƙyalle, in bi da fenti mai ruwa-ruwa, in bari ya sha iska, sannan in riƙa ɗora launi hawa-hawa. Fuska ce ƙarshen abin da nake taɓawa. Yanzu haka ina da ayyuka jingine da bango waɗanda ban gama ba: duwatsun da ke kewaye da gari, giwayen Yankari, mahayan hawan sallah, da hoton wani dattijo marigayi wanda 'ya'yansa suka ba ni kafin alƙalami. Na ji wa'azi cewa masu yin sura su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama, tun daga nan jikina ya yi sanyi. In ƙarasa su ne, ko in ƙone?

AMSA

Wa'alaikumus salam. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kada ka ƙone komai. Ƙyalle da fenti dukiya ce, kuma an hana mu tozarta dukiya. Hadisin da ka ji ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibn Mas'ud. Amma ayyukan nan naka ba hukuncinsu ɗaya ba.

Kusan irin tambayarka aka taɓa yi wa Abdullahi ɗan Abbas. Wani mutum ya ce masa da aikin hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ibn Abbas ya karanta masa hadisin cewa wanda ya yi sura za a azabtar da shi sai ya hura mata rai, kuma ba zai taɓa iyawa ba. Fuskar mutumin ta sauya don tsoro. Ibn Abbas bai sallame shi a haka ba, sai ya ce masa idan lallai sai ya yi, to ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Don haka duwatsunka ƙarasa su, ka sayar, halal ne. Haka gari, kasuwa kafin ta ci, ruwan Wikki, soro da zankwayensa. Mu fa ƙasar zayyana ce; wanda ya taɓa riƙe allon mai saukar Alƙur'ani, ko ya tsaya ya kalli dagi a bangon fada, ya san ba a raba Bahaushe da ƙawa.

Mai rai ne ke buƙatar natsuwa. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe. Shehu Dardir, wanda ya rasu a shekara ta 1201 bayan Hijira, ya bayyana a sharhin Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Khalil, cewa haramun ita ce surar mai rai wadda take da inuwa, wato mutum-mutumi, idan gaɓoɓinta sun cika. Wadda ba ta da inuwa, irin ta takarda ko bango, makaruhi ce idan ana girmama ta; idan abin takawa ce kamar shimfiɗa, barinta ya fi. Mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, shi ma ya karhanta surori a bango da gadaje da zobe, ya cire zanen jikin tufa, ya ce barinsa ya fi kyau. Dalilinsu hadisin Abu Ɗalha ne da ya togace zanen da ke jikin tufa. Imam Nawawi kuwa, wanda ya rasu a 676, yana tare da masu haramta duka, da inuwa ko babu, saboda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yage labulen Nana A'isha mai surori, labule kuma ba shi da inuwa. Wannan saɓani ne na gaske, kowane ɓangare da hujjarsa. Ba na yarda a kira mai bin fatawar Malikiyya fasiƙi, ba kuma zan ɓoye maka ƙarfin hadisin labulen ba.

Yadda kake jinkirta fuska shi ne mafitarka. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya ce a sare kan mutum-mutumin da ke ƙofar gida don ya koma kamar bishiya. Ashe kai ne matattarar hukunci. Shatar gawayi da ba ta da kai ba ta zama surar da aka yi wa narko ba. Abin da nake ba ka fatawa da shi a kan mahaya: bar su a tsakiyar ƙura, daga nesa, rawani da amawali sun rufe fuska, dawakin ma kada ka fitar musu da ido da baki. Ka zuba gwanintarka a alkyabba, lifidi da hasken yamma. Giwayen ka tura kawunansu cikin kurmi, ko ka shafe su da fenti ka bar dajin. Amma ka sani, jan layi a wuya alhali kai yana nan cikakke ba sare kai ba ne, dabara ce kawai. Idan kuma ka cika siffar, ka faɗa makaruhi a mazhabarmu, haramun a wajen wasu, kuma fita daga saɓani ya fi maka kwanciyar hankali.

Hoton marigayin ne ba na so ka ƙarasa. Hoto ne da za a rataya a falo don girmamawa, ta wannan ƙofar kuma ɓarna ta shiga mutanen Annabi Nuhu: Wadda, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru da aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuh, Ibn Abbas ya ce mutanen kirki ne da aka kafa musu abin tunawa bayan mutuwarsu. Ba na zargin 'ya'yan da komai sai ƙaunar mahaifinsu. Ka same su cikin mutunci, ka ba su zaɓi: ko ka zana musu zaurensa da buzunsa da gafakarsa, ko ka mayar musu da kuɗinsu cif. Ba ya halatta ka riƙe kafin alƙalami a kan aikin da kai ka janye daga gare shi.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Fentin mai idan ya bushe a fata yana hana ruwa isa, ya bar lam'a, musamman a gefen farce da tsakanin yatsu. Goge shi da kananzir kafin alwala. Idan kaurin ya fita launi kawai ya rage, hukuncinsa kamar na lalle ne, ba ya cutarwa. Sannan yawancin burushi masu tauri na fentin mai da gashin alade ake yin su. Shehu Khalil ya ƙidaya gashin da aka sausaye cikin abubuwa masu tsarki, ko da na alade ne, Shafi'iyya kuma suna ganinsa najasa. Sallarka ba ta ɓaci ba a mazhabarmu, amma in ka samu na roba, ka koma gare shi.

Allah ne mafi sani.