Zamana a Ingila haramun ne, Malam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tudun Wadar Zariya ne, shekarata 9 ina aikin jinya a Ingila, kuma iyalina suna tare da ni. Da na zo gida hutu, baffana ya ce zama cikin waɗanda ba Musulmi ba haramun ne, kuɗin da nake aiko wa mahaifiyata ma ba su da tsarki. Abin da ya fi sosa min rai, 'ya'yana sun gaida kakarsu da Turanci, ta yi shiru tana kallonsu. Wajibi ne in dawo?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, baffanka bai ƙagi maganarsa ba, kada ka riƙe shi a zuciya. Akwai aya ta 97 a Suratun Nisa'i da ta zargi waɗanda suka zauna inda aka danne addininsu alhali ƙasar Allah mai yalwa ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, babban malamin fiƙihu Wansharisi ya tsananta ƙwarai, ya wajabta wa Musulmin Andalus (ƙasar Sifen ta yau) ficewa bayan mulki ya suɓuce musu. Shehu Usmanu ma ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma wallafa littafi sukutum kan wajabcin hijira. Da wannan karatu aka raini manyanmu a zaurukan birnin nan.

Amma mu duba dalilin hukuncin. Duk waɗannan mutane ne da aka hana su bayyana addini, ko ake gab da hana su. Sahabbai kuwa, da izinin Annabi (SAW) suka tafi Habasha a shekara ta 5 da aiko shi, ƙasar da sarkinta Najashi yake Kirista a lokacin. Abin lura a nan: Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, daidai buɗe Khaibar. Madina tana nan, daular Musulunci ta kafu, shi kuma yana can shekara da shekaru, ba a ce ya yi saɓo ba. Da ya iso, murna aka yi. Hadisin da ake yawan kawowa na barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakanin mushirikai, Tirmizi ya ruwaito daga Bukhari cewa abin da ya fi inganci mursali ne (wato babu sahabi a jerin maruwaitansa), kuma ya zo ne a kan mutanen da yaƙi ya rutsa da su.

Don haka, matuƙar kana salla a bayyane, kana zuwa Juma'a, matarka tana sa hijabinta, zamanka ya halatta. Jinyar marar lafiya aikin lada ne, ko wane ne majinyacin. Albashinka halal ne, Hajiya ta ci hankalinta kwance.

Inda zan tsaya da kai shi ne yaran. Hausa ba sharaɗin imani ba ce. Aya ta 22 a Suratur Rum ta ƙirga bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Sai dai shirun nan na kakarsu ya taɓa ni, domin zumunci wajibi ne, kuma da baki ake sada shi. Ta bakin tsohuwa yaro ke jin addu'ar barci da ladabin gaisuwa tun kafin ya riƙe allo. Kai ka tashi kiran salla yana zuwa maka daga kowace kusurwa, maƙwabci yana tsawata maka. Su kai ne ladaninsu, kai ne maƙwabcinsu. Allah ya ce ku kare kanku da iyalanku daga wuta, bai ce sai a Zariya ba.

Ka mayar da Hausa harshen cikin gida, kai da mahaifiyarsu. Ku yi jam'in Magariba tare duk ranar da ba ka wurin aiki. Ka sa su makarantar Alƙur'ani, kowace Juma'a su kira kakarsu, dogon hutu kuma ka kawo su su daɗe.

In ka yi duk wannan amma ka ga salla tana suɓuce musu, ko sun fara jin kunyar a ce su Musulmi ne, kuma ka kasa gyarawa, to a nan hukuncin ya juya: ƙaura ta wajaba a kanka zuwa inda addininsu zai tsira, ko da samunka zai ragu. Ka je ka gaida baffanka kafin ka koma, ka karanta masa wannan cikin ladabi.

Wallahu a'alamu.